LAGWANI: ƊAN ZAREN DA KE MULKIN KYANDIR

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta da dare, ya lalubo kyandir ya kunna, sa'an nan ya ga kyandir ɗin yana ta zubar da hawaye, yana tuttular da hayaƙi, har ya ƙare tun yaro bai gama aikin makaranta ba, lalle ya ga gaskiyar wannan magana, ko da bai gane inda laifin yake ba. Galibinmu kaki muke zargi, mu ce kyandir ɗin bana ba shi da auki. Alhali kuwa sau da yawa laifin na ɗan farin zaren nan ne da ke tsakiya, watau lagwani.

A yau kyandir ya kasu gida biyu a kasuwanninmu. Akwai na maganin duhu, wanda ake saye a tireda. Akwai kuma na ƙamshi, wanda ake zubawa a cikin kofin gilashi, ake kai wa amare, ake ƙawata falo da shi, har ya zama sana'a ga matasa da yawa, musamman mata, a Kano da Abuja da Legas. Dukansu biyu sarkinsu ɗaya ne. Idan lagwani ya yi daidai, wuta za ta tsaya cak, ƙamshi ya cika ɗaki. Idan bai yi daidai ba kuwa, kome tsadar kakin da turaren da aka zuba, an yi hasara.

Abin da wuta take ci

Mai karatu zai yi mamaki idan aka ce masa wutar kyandir ba daskararren kaki take ci ba, ba kuma narkakkensa ba. Tururinsa take ci. Sa'ad da aka ƙyasta ashana, zafin yakan narkar da kakin da ke gindin lagwani. Zaren audugar sai ya tsotsi narkakken kakin ya hau da shi sama ta 'yan kafofin da ke tsakanin silin zare, kamar yadda bakin zane yakan sha ruwa ya jiƙe har sama idan ya taɓa kwano. Da kakin ya isa cikin wutar sai zafi ya mai da shi tururi, tururin ya gauraya da iska, ya kama. Zafin da ya fito kuma ya sake narkar da wani kakin a ƙasa. Haka abin zai yi ta zagayawa har kyandir ya ƙare.

Mashahurin masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya yi wa yara laccoci shida a kan kyandir kaɗai a zauren Royal Institution da ke Landan cikin shekarar 1848, kana aka buga su a littafi a shekarar 1861. Cikin abubuwan da ya nuna musu akwai wanda kowa zai iya gwadawa a gida. A hure kyandir a hankali, a yi maza a kai ashana mai ci cikin farin hayaƙin nan da ke tashi, nesa kaɗan da lagwanin. Za a ga wuta ta bi hayaƙin ta sauko ta sake kama kyandir. Farin hayaƙin nan shi ne tururin kaki, shi ne abincin wutar.

Idan aka dubi harshen wutar da kyau za a ga ba launi ɗaya ba ne. Kusa da lagwani akwai wuri mai duhu-duhu, inda tururi ya taru amma iska ba ta isa ba. Sama da shi akwai rawaya mai haske, inda ƙananan ƙwayoyin gawayi suke yin jawur saboda zafi, su ne kuwa ke ba mu haske. Can gefe, inda wuta ta haɗu da iska sosai, nan ne zafi ya fi tsanani, yana kai wa kimanin digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyas. Muddin iskar ta wadata, ƙwayoyin gawayin nan sukan ƙone ƙurmus kafin su fita. Amma idan lagwani ya ɗebo kakin da ya fi ƙarfin iskar da ke kewaye, sai su tsere ba su ƙone ba. Su ne baƙin hayaƙin da ke ɓata bango da rufi, ya shiga hancin yara.

Ashe ke nan aikin lagwani shi ne awo. Shi ke auna wa wuta abincinta. Wanda ya saba da fitilar ƙwai ya san wannan sarai: a murɗo lagwani sama da yawa, ƙwai ya yi baƙi ƙirin, a mai da shi ƙasa da yawa, wuta ta mutu. Bambancin kawai shi ne fitila tana da abin murɗawa, kyandir kuwa ba shi da. Tilas lagwaninsa ya daidaita kansa da kansa. Samun lagwanin da zai iya yin haka ya ci wa mutane ɗaruruwan shekaru.

Zamanin almakashi

Kafin ƙarni na 19, talakan Turai da kitsen shanu da na tumaki yake yin kyandir, na kakin zuma kuwa sai coci-coci da gidajen masu hali. Lagwanin zare ne da aka tufke kamar igiya. Illar tufka ita ce miƙewa take yi sak a tsakiyar wuta, a wurin nan mai duhu inda babu iska, saboda haka ba ta ƙonewa ta zama toka. Kyandir yana raguwa, lagwani yana ƙara tsawo, kansa yana tara gawayi, haske yana dushewa, hayaƙi da ƙauri suna ƙaruwa. Idan dogon lagwanin ya karye ya faɗa gefe, sai ya narkar da bakin kyandir, kitse ya tsiyaye a banza.

Wani masani da ake kira Count Rumford ya auna wannan a ƙarshen ƙarni na 18. Ya tarar kyandir na kitse da aka bari ba a datse masa lagwani ba, cikin rabin sa'a haskensa yakan koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na yadda ya fara. Don haka kowane gida yana da wani almakashi na musamman mai ɗan akwati a baki, wanda ake datse lagwani da shi, gawayin ya faɗa cikin akwatin. A gidajen wasan kwaikwayo na Faris da Landan har ma'aikata ake ɗauka, ba su da aiki sai bin kyandirori suna datsewa. Mai karatun dare kuwa ba shi da sakat, ya karanta shafi biyu ya ajiye littafi ya ɗauki almakashi.

Daga tufka zuwa kitso

Magani daga Faransa ya zo. Wani masanin harhaɗa sinadarai mai suna Michel Chevreul ya yi shekaru yana binciken kitse, har ya gano yadda za a raba shi a fitar da wani farin abu mai tauri, marar wari, da ake kira sitiyarin. A shekarar 1825 shi da abokinsa Gay-Lussac suka yi rajistar yin kyandir da shi. A wannan shekara kuma wani injiniya mai suna Cambacérès ya fito da dabarar da ta kashe kasuwar almakashi. Maimakon a tufke zaren, sai a kitsa shi, kamar yadda ake kitsa gashi da tufka uku.

Hikimar ita ce, kitsattsen lagwani ba ya miƙewa sak. Da wuta ta kama shi sai ya ɗan lanƙwasa gefe guda, bakinsa ya leƙa waje zuwa gefen harshen wutar, inda iska take da yawa kuma zafi ya fi tsanani. Nan take bakin ya cinye ya zama toka. Watau lagwanin yana datse kansa da kansa, tsawonsa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Idan mai karatu ya kunna kyandir mai kyau a daren yau, ya duba zai ga lagwanin ya sunkuya kamar ƙugiya, da ɗan jan garwashi a bakinsa. Wannan sunkuyon ba lahani ba ne, aikin injiniya ne na shekara 200.

Daga baya masu masana'anta, irin su Adolphe de Milly wanda ya kafa masana'antar kyandir a Faris a farkon shekarun 1830, suka riƙa jiƙa zaren a cikin ruwan wasu sinadarai, kamar sinadarin borik, kafin a shanya. Wannan yana hana audugar cinyewa da sauri, yana kuma sa tokar ta narke ta ɓace maimakon ta zubo ta toshe lagwani. A shekarar 1834 Joseph Morgan na birnin Mancesta ya ƙera injin da ke zuba kyandir 1,500 a sa'a guda. A shekarar 1850 James Young na Sikotilan ya yi rajistar hanyar tace kakin farafin daga kwal, daga baya aka koma samunsa daga ɗanyen man fetur. Shi ne farin kakin da ake yin kyandir ɗin tireda da shi har gobe. Matatar mai ta Kaduna ma, wadda aka buɗe a shekarar 1980, an gina mata sashen da aka tsara don fitar da irin wannan kaki.

Kowane kaki da lagwaninsa

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Babu lagwani guda da zai dace da kowane kyandir. Masu sana'ar sun san manyan iri huɗu.

Na farko shi ne shimfiɗaɗɗen kitso, mai tufka uku, wanda aka yi bayaninsa. Shi ya fi dacewa da dogon siririn kyandir na farafin. Na biyu shi ne kitso mai kusurwa huɗu, wanda ya fi kauri da ƙarfi, kafofinsa kuma sun fi faɗi. Shi ake sa wa kakin zuma, domin kakin zuma yana da danƙo, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64, siririn zare ba zai iya jansa ba. Na uku shi ne mai ƙashi a ciki, watau an kitsa zare a kewaye da silin takarda, ko na auduga mai tauri, ko siririyar wayar tutiya. An yi shi ne domin kyandir na cikin kofi, inda kakin yakan narke ya zama ruwa, lagwanin da ba shi da ƙashi ya faɗi ya nutse. Na huɗu shi ne na katako, ɗan siririn falle, wanda ke ba da faffaɗar wuta marar tsawo, yana ƙara ƙas-ƙas kamar itace a murhu.

Kakin waken suya, wanda aka fara yin kyandir da shi a Amurka a farkon shekarun 1990, kuma masu kyandir na ƙamshi suka rungume shi, galibi yana bukatar lagwani mai ɗan kauri fiye da na farafin. Haka nan duk abin da aka ƙara wa kaki, rini ne ko turare, yana sauya yadda yake hawa zare. Lagwanin da ya yi daidai da farin kaki zalla yana iya shaƙewa idan aka zuba masa rini mai duhu. Faɗin kyandir kuma shi ne babban ma'auni. Idan bakin kofi ya haura kimanin santimita 10, ya fi kyau a sa ƙananan lagwani biyu ko uku a rarrabe, da a sa ƙato guda a tsakiya.

Daga tafki ƙamshi yake tashi

A nan ne masu sabuwar sana'a da yawa suke yin tuntuɓe. Suna zaton wuta ce ke fitar da ƙamshi, saboda haka babbar wuta ita ce babban ƙamshi. Ba haka ba ne. Turaren da ya bi lagwani ya shiga wuta ƙonewa yake yi. Ƙamshin da hanci ke ji yana tashi ne daga ɗan tafkin narkakken kakin da ke kewaye da lagwani. Ɗumin tafkin ne ke sakin turaren a hankali, iskar da wuta ke turawa sama kuma ta ɗauke shi ta watsa cikin ɗaki.

Matan Borno, gwanayen turaren wuta, sun riga kowa sanin wannan. Ba a zuba turare a kan garwashin da ke ci ganga-ganga, sai an bari ya lafa ya yi toka-toka. In an yi gaggawa, turare ya babbake, a sami ƙauri maimakon ƙamshi. To, lagwani shi ne garwashin kyandir.

Idan lagwani ya yi ƙanƙanta, tafkin ba zai kai bakin kofi ba. Wuta za ta yi ta haƙa rijiya a tsakiya, ta bar kaki da turarensa manne a bango, a ƙarshe kakin ya malalo ya shaƙe ta. Mai saye ya biya kuɗin kofi cike, rabi ya mora. Idan kuwa lagwani ya yi girma, wuta za ta yi tsawo tana rawa, bakin lagwani ya tara baƙin dunƙule kamar kan ƙusa, kofi ya yi baƙi, tafki ya yi zurfi da zafi, turare ya tsere da wuri. Mafi muni, gilashin yana iya tsagewa, ko kuma tafkin gaba ɗaya ya kama da wuta. Abin da ake nema shi ne tafkin da ya kai bango zuwa bango, zurfinsa kimanin santimita 1, da wuta mai tsayuwa wuri guda.

Yawan turare ma ba shi ne yawan ƙamshi ba. Galibin kakin da ake sayarwa ba ya riƙe fiye da kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. Abin da ya haura haka sai ya yi gumi a saman kyandir, ya toshe lagwani, ya ƙara hatsarin gobara. Kuma turaren jiki mai sinadarin sifirit bai dace da kyandir ba sam, akwai man turare da aka yi musamman domin wannan aiki.

Lagwani mai guba

Akwai wani babi marar daɗi a tarihin lagwani. A da, wasu masana'antu da wayar dalma suke yi masa ƙashi, saboda tana da laushi da araha. Daga baya bincike ya nuna dalmar tana bin hayaƙi, ta sauka a kan tabarma da kayan ɗaki, yara su shaƙa ko su kai baki. Masu kyandir na Amurka sun yi alkawarin daina amfani da ita a shekarar 1974, amma ba kowa ya cika ba. Ƙasar Ostireliya ta haramta irin wannan lagwani a shekarar 1999, Amurka ta bi sahu da doka a shekarar 2003. Mu a nan ba ma bukatar a gaya mana sharrin dalma, tun da ɗaruruwan yara sun rasu a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010 saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya. Ido ba ya iya bambanta wayar dalma da ta tutiya cikin sauƙi. Saboda haka idan an ga waya a cikin lagwani, ba a kuwa san inda kyandir ɗin ya fito ba, a bar shi a nemi mai ƙashin takarda ko na auduga.

Jan hankali ga masu sana'a

Gani ya kori ji. Lambar da ke jikin ƙunshin lagwani shawara ce kawai, gwaji shi ne alƙali. A sami kofi uku iri ɗaya, a zuba kaki ɗaya da turare ɗaya, a sa lagwani mai kauri daban-daban a kowanne. A bar su su daskare sosai na 'yan kwanaki, sa'an nan a kunna su a ɗakin da babu fanka. A lura da tsawon wuta, da faɗin tafki, da zafin gilashi, da baƙin hayaƙi, a rubuta a littafi. A kashe bayan sa'a huɗu, a bari su huce, a sake kunnawa, a yi ta yi har ƙasa. Dalili kuwa, zafi yana ƙara taruwa yayin da wuta ke sauka cikin kofi. Lagwanin da ya yi daidai a sama yana iya yin yawa a ƙasa. Duk ranar da aka sauya kofi, ko kaki, ko turare, gwaji ya koma sabo.

A tabbata lagwani yana tsakiya sak, an kuma manne ɗan ƙarfen gindinsa a ƙasan kofi. Wannan ɗan ƙarfe shi ke hana lagwani faɗuwa jikin gilashi, shi ke kuma kashe wutar kafin ta kai ƙasa. Masu dogon kyandir kuma su tuna da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Kaki mai laushi lanƙwashewa yake yi tun a kanti, lagwani ya bar tsakiya. Ƙara masa sitiyarin yana ba shi tauri.

Ga mai kunnawa a gida

Rigakafi ya fi magani. Kafin a kunna, a datse lagwani ya rage kimanin milimita 6, musamman na cikin kofi, wanda ƙashinsa ba ya barinsa ya sunkuya sosai. Kunnawar farko a bar kyandir ya ci har tafki ya kai bango, watau kimanin sa'a guda ga kowane faɗin santimita biyu da rabi, domin in aka kashe shi da wuri, rijiyar da ya fara ita zai ci gaba da haƙawa. Kada ya wuce sa'a huɗu a jere. A nisanta shi da taga da fanka, domin iska tana kwantar da wuta gefe, ta jawo hayaƙi da tsiyaya. Wajen kashewa, a tura lagwani cikin tafki da ɗan ƙarfe, a sake miƙe shi, ba hayaƙi ba ƙauri. Idan kaki ya rage kimanin santimita 1 a ƙasan kofi, aikinsa ya ƙare.

Abu mafi muhimmanci, kada a liƙa kyandir a kan roba, ko katako, ko saman talabijin. A sa shi a farantin ƙarfe ko na tangaran, nesa da labule da gidan sauro da katifa da jarkar fetur, nesa da hannun yara. Kada a yi barci a bar shi yana ci, balle a lokacin hunturu da kome ya bushe. In tafkin kaki ya kama da wuta, kada a watsa ruwa, domin kakin zai fantsama ne wutar ta bazu. A rufe shi da murfin tukunya, wuta ta rasa iska ta mutu.

Kakanninmu sun murza tsumma sun tsoma a man gyaɗa da man kaɗanya sun yi karatun dare, iyayenmu sun yi da aci-balbal da fitilar ƙwai, mu kuma ga mu da lantarki da hasken rana, amma har yanzu kyandir bai bar gidajenmu ba. Tun da haka ne, idan an je saye a daina duban launin kaki da kyan kofi kaɗai. A dubi zaren: kitsattse ne, yana tsakiya, kaurinsa ya dace da faɗin kyandir? Amsar waɗannan tambayoyi uku ita za ta nuna ko haske aka saya ko hayaƙi. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.